Da A Ce Babu Iska A Sakkwato

Duk wanda ya kai aji biyu na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya ya san wannan tambayar: an jefa dutse da gudu kaza, a kusurwa kaza, a nemo nisan da zai faɗi. Sai kuma a liƙa wata 'yar jimla a ƙarshe, wai a ɗauka babu turjiyar iska. Mu ma haka muka same ta, muka shiga WAEC da NECO da ita, kuma a duk ajinmu babu wanda ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, a ina ne babu iskar?" A Sakkwato kuwa, garin da hunturu ke cika wa mutum ido da ƙura, guguwar farkon damina kuma ta yaye kwanon rufi, cewa a manta da iska ba ƙaramar magana ba ce.

Ƙannenmu, wannan 'yar jimlar ta kori mutane da yawa daga Fiziks. Muna da abokai masu kaifin basira da suka koma wani ɓangaren tun kafin aji uku, ba don lissafin ya gagare su ba. Da safe a zana musu hanyar ƙwallo a allo, ta hau ta sauko daidai wa daida kamar bakan gizo. Da la'asar su je fili, su ga ƙwallo ta tashi ta lanƙwasa, ko ta tafi kamar za ta wuce sai ta faɗo tim. Sai suka yanke cewa abin da ke cikin littafi daban, abin da ke duniya daban, Fiziks kuma hadda ce kawai ta cin jarrabawa. Mu da muka ci gaba da darasin har zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo muna ganin sun yi gaggawa. Littafin bai yi musu ƙarya ba. Cewa ya yi "da a ce", su kuma ba a nuna musu yadda ake dawo da iskar cikin lissafin ba.

Abin da ya fi fito mana da wannan fili shi ne wata 'yar farar ƙwallo da yawancinmu ba mu taɓa bugawa ba: ƙwallon golf, wasan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Mun sani, wasan masu hannu da shuni ne, mu kuwa da ƙwallon leda da tsumma muka tashi. Amma ba wasan ne ya dame mu ba. Ita ƙwallon ce abin kallo, domin an ƙayyade mata komai. Dokar wasan ta ce nauyinta kada ya wuce giram 45.93, faɗinta kuma kada ya gaza milimita 42.67. Ba ta kai ƙwallon goruba girma ba. Ƙwararren ɗan wasa kan tashe ta da gudun mita 70 a daƙiƙa ɗaya ko fiye, wato sama da kilomita 250 a awa. Babu direban da zai yi wannan gudun a hanyar Gusau ya ba da labari.

To ku ɗauko biro. Ƙa'idar da kuka sani ita ce R = u² sin2θ / g. Idan u ya zama 70, u² ya zama 4,900. Mu ɗauki g a matsayin 10 kamar yadda ake yi a jarrabawa. A kusurwar digiri 45, wadda littafi ya ce ita ce mafi nisa, amsa ta zama mita 490. Filin ƙwallon ƙafa irin na Giginya tsawonsa kimanin mita 105 ne, ke nan ƙwallon za ta tsallake filaye huɗu ta ci fiye da rabin na biyar. Wannan ita ce Sakkwaton da babu iska. Ba littafinku ne ya ƙirƙiro ta ba. Tun a 1638 Galileo, masanin nan ɗan Italiya, ya wallafa wannan lissafin, kuma shi da kansa ya san iska na rage wa abu gudu. Ajiye ta gefe ya yi da gangan don ya ga aikin da jan ƙasa ke yi shi kaɗai.

Yanzu ga inda abin ya fara daɗi. Ƙwararrun 'yan golf ba sa buga ƙwallon nesa a digiri 45. A ƙasa-ƙasa suke tashin ta, wajen digiri 11. Ku sa wannan a ƙa'idar: sin 22° kusan 0.375 ne, a ninka da 490, a samu mita 184. Amma a fili na gaske, cikin iska ta gaske, ƙwallon da aka buga da wannan gudun a wannan kusurwar kan yi kusan mita 230 kafin ta taɓa ƙasa. Ku sake duba alƙaluman. Babu iska: 184. Da iska: 230. Iskar da aka ce mana cikas ce ta ƙara wa ƙwallon fiye da mita arba'in. Ranar da muka fara yin wannan lissafin a ɗakin kwana, sai da muka karɓi kalkuleta ta mutum uku muna gwadawa, kowa na cewa ta ɗan'uwansa ce ta lalace.

Ayyuka biyu iska ke yi wa ƙwallon, ɗaya na gaba, ɗaya na zumunci.

Na gabar shi ne turjiya. Kowa ya san ta a kan kabu-kabu: ana ƙara wuta, riga na ƙara cika da iska. Abin lura shi ne ba ta ƙaruwa daidai da gudu, tana bin gudu ne sau kansa. Ka ninka gudu biyu, turjiya ta ninka huɗu. A lokacin da ƙwallon golf ta bar sanda, ƙarfin da iska ke tura ta baya ya ninka nauyinta fiye da sau biyu. Wato abin da tambayar jarrabawa ta ce mu manta da shi ya fi abin da ta ce mu lissafa ƙarfi. Shi ya sa in aka ɗaga ƙwallon a digiri 45 cikin iska, ko rabin mita 490 ɗin nan ba za ta kai ba. Za ta ƙarar da ƙarfinta wajen hawa, sannan ta sauko kusan a tsaye.

Na zumuncin kuwa daga juyi yake zuwa. Fuskar sandar golf a ɗan kwance take, saboda haka in ta daki ƙwallo sai ta sa ta juyawa baya, wato samanta na komowa wajen wanda ya buga, kusan sau 2,500 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Ƙwallo mai irin wannan juyin tana jan iskar da ke bi ta kanta, ta karkatar da ita ƙasa a bayanta. Ku tuna doka ta uku ta Newton: in ƙwallo ta tura iska ƙasa, dole iska ta tura ƙwallo sama. A farkon tafiya wannan ɗagawar kan kai nauyin ƙwallon, har ta ɗan zarce shi. Ke nan na ɗan lokaci ƙwallon tashi take yi kamar shirwa, ba faɗuwa irin ta dutse ba. Lissafin littafi ya ba ta ƙasa da daƙiƙa uku a sama a digiri 11. A zahiri takan yi shida ko fiye. Ana kiran wannan abu da sunan Magnus, wani Bajamushe da ya yi gwaji a kansa a 1852. Wanda ya zauna ya yi wa ƙwallon golf lissafinta kuwa shi ne Peter Guthrie Tait, malamin jami'ar Edinburgh a Sikotlan, cikin shekarun 1890. Ɗansa Freddie ya zama zakaran golf na Birtaniya a rukunin masu wasa don sha'awa a 1896. Uba na lissafi, ɗa na bugu: da ma kowane gida haka yake.

Wannan juyin ba baƙo ba ne a wurinku. Bugun tazarar da Roberto Carlos na Brazil ya yi wa Faransa a 1997, wanda ƙwallo ta nufi waje sannan ta karyo ta shiga raga, aikinsa ne, sai dai shi a kaikaice ya juya ta. Yaron unguwarku da ke lanƙwasa kwana da gefen ƙafa shi ma abin da yake yi ke nan, ko da bai taɓa jin sunan Magnus ba.

Saura 'yan ramukan da ke jikin ƙwallon, waɗanda suka sa ta yi kama da tandar masa da aka dunƙule. Yawanci tsakanin 300 da 500 ne. Hankali zai ce abu mai santsi ya fi ratsa iska, amma a nan hankali ya faɗi. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ake yin ƙwallon da wani irin danƙon itace, 'yan wasa suka lura cewa tsohuwar ƙwallo da ta sha duka ta yi tabo ta fi sabuwa nisa. Sai masu ƙira suka fara yi mata tabon da gangan. A 1905 wani injiniya ɗan Ingila, William Taylor, ya nemi rajistar fasahar ramukan da muke gani yau.

Don ku gane dalili, ku tsaya bakin titi ku kalli bayan tirela in ta wuce. Za ku ga ƙura da ledoji na ta hajijiya suna bin ta. Wurin nan iska ba ta cika shi da kyau ba, matsinta ya ragu, sai ya zama kamar ana jan motar baya. Ƙwallo mai santsi ma haka: iskar da ke shafar jikinta kan rabu da ita da wuri, ta bar ƙaton gurbi a baya. Ramukan nan suna hargitsa 'yar siririyar iskar da ke manne da ƙwallon, iskar da ta hargitse kuma ta fi daɗewa tana bin jikin ƙwallon kafin ta sake shi. Gurbin baya ya tsuke, turjiya ta ragu kusan rabi. Da a ce za a goge ramukan a bar ƙwallon sumul, ƙwararren da ke kai ta mita 230 da ƙyar zai wuce rabin haka. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun ga ɗan'uwan wannan a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, inda masu tsaron gida suka yi ta kuka da Jabulani, ƙwallon da aka rage wa ɗinki ta yi santsi, ta riƙa yin gaban kanta a sama.

Mu dawo gida. Da a ce za a kawo ƙwararren nan Sakkwato ya yi bugu iri ɗaya sau biyu, ɗaya da sanyin safiyar Janairu, zafi na digiri 15, ɗaya da azahar ɗin Afrilu, zafi na digiri 43, wanne zai fi nisa? Dokar iskar gas da kuka yi a Kemistiri ta isa ta amsa. A mayar da ma'aunin zuwa Kelvin: 288 da 316. A raba, a samu 0.91. Wato iskar Afrilu ta fi ta Janairu sauƙi da kusan kashi 9 cikin 100. Turjiya za ta ragu, amma ɗagawa ma za ta ragu, tunda duk daga iska ɗaya suke. In aka cire wannan daga wancan, ribar ba za ta kai mita goma ba. Ranar da ke sa mu gudu ƙarƙashin dogon yaro, ita ce ke yi wa ƙwallo kyauta, ko da yake kyautar ba ta taka kara ta karya ba.

Jos ta fi mu a nan. Sakkwato na kimanin mita 300 sama da teku, Jos kuwa wajen 1,200. Iska na raguwa in ana hawa, har ta kai iskar Jos a yini mai daɗi ta fi iskar Sakkwato ta tsakiyar bazara sauƙi. Masu wasa a filin Rayfield, wanda aka kafa tun 1913, suna samun ƙarin nisa ba tare da sun zubar da gumi irin namu ba.

Damina kuma ta zo da nata abin mamakin. A watan Agusta, in gari ya yi gumi, kowa cewa yake iska ta yi nauyi. A ma'auni akasin haka ne. Ƙwayar tururin ruwa nauyinta 18, ta busasshiyar iska kuwa kimanin 29, kuma duk ƙwayar ruwan da ta shigo sai ta kori ta iska guda ta zauna a gurbinta. Iska mai laima ta fi busasshiya sauƙi, ko da yake da ɗan kaɗan ne ƙwarai. Jikinmu ne ke jin nauyi saboda gumi ya ƙi bushewa.

Ita kuwa iskar hunturu mai kaɗowa daga arewa maso gabas, ba ta da adalci ko kaɗan. A ce tana gudun mita 10 a daƙiƙa. In ka buga ƙwallon kana fuskantar ta, gudun da iska ke gani 80 ne, sau kansa 6,400. In tana bayanka, 60 ne, sau kansa 3,600. Ku gwada su da 4,900: ta gaba ta ƙara 1,500, ta baya ta rage 1,300 kawai, ga shi kuma ta rage ɗagawar da ke riƙe ƙwallon a sama. Abin da take ƙwacewa ya fi abin da take bayarwa. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke ya tsallake gadar Kwalkwalawa da safiyar Disamba ya dawo, ya san wannan a cinyarsa.

A ina ne babu iskar, tambayar da ajinmu bai yi ba? A duniyar wata. Can ne kaɗai aka taɓa buga ƙwallon golf a yanayin da tambayar jarrabawa ke nufi. Babu iska, g kuma 1.6 ne kawai. Ku raba 4,900 da 1.6: mita 3,062, sama da kilomita uku, filin Giginya ashirin da tara a jere, ƙwallon kuma za ta yi fiye da minti ɗaya kafin ta sauka. A can digiri 45 ce sarauniya kamar yadda littafi ya ce. Ramuka ba su da amfani, juyi ba shi da amfani, ƙwallo mai santsi da mai tabo duk ɗaya. A duniyar Mars, inda g ke 3.7 kuma iskar ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na tamu kauri ba, amsar za ta kusanci kilomita 1.3.

Ranar 6 ga Fabrairu, 1971, ɗan sama jannatin Amurka Alan Shepard, shugaban tawagar Apollo 14, ya gwada. Ya tafi da kan sandar golf, ya ɗaura shi a ƙotar wani abin kwasar duwatsu, ya buga ƙwallo biyu a kan wata. Ya yi ta murna a rediyo yana cewa ta tafi mil bisa mil. Shekara hamsin bayan haka, a 2021, wani masanin gyaran hotuna mai suna Andy Saunders ya tsabtace hotunan tafiyar ya gano inda ƙwallayen suka faɗi. Ta farko kimanin mita 22, ta biyu kimanin 37. Ɗan aji ɗaya zai jefa dutse ya wuce ta farkon a bayan makarantarku.

Ƙa'idar ta faɗi ke nan? Ko kusa. Shepard na cikin rigar sama jannati mai tauri da ba ta barin mutum ya juya ƙugu, da hannu ɗaya ya yi bugun, kuma sandar ta fi dukan ƙasa fiye da ƙwallon. Ku juya lissafin baya: 37 sau 1.6 ya ba da kusan 59, tushensa kuma bai kai 8 ba. Wato gudun mita takwas a daƙiƙa, irin na mai keke da ya makara, ya isa ya kai ƙwallo inda tasa ta kai. Nesa ba kusa ba da 70 ɗin da muka ɗora lissafinmu a kai. Ƙa'ida ba ta yi wa kowa alkawarin kilomita uku ba. Cewa ta yi, in ka kawo min u na 70, zan ba ka kilomita uku. Shi kuma bai kawo ba.

Wani zai ce, to a jarrabawa me za mu rubuta? Ku rubuta digiri 45, ku karɓi makinku, domin tambayar ta gindaya sharaɗinta kuma a ƙarƙashin sharaɗin amsar daidai ce. Ba don a yaudare ku aka cire iskar ba. Lissafin da ke ɗauke da turjiya da juyi ba ya warwaruwa a layi uku: gudu na canza turjiya, turjiya na canza gudu, haka har ƙwallo ta faɗi. Mu a nan jami'a kwamfuta muke ba wa, ta yanka tafiyar gunduwa-gunduwa, kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma abu na farko da ake yi don a tabbatar kwamfutar ba shirme take ba shi ne a sa iska ta zama sifiri, a ga ko za ta fito da 490. In ba ta fito da shi ba, an san akwai matsala. Amsar ajinku ita ce ma'aunin da ake gwada babban lissafin da ita.

Akwai kuma duwatsun da iska ba ta cika damu ba. Ƙarfen da ake jefawa a wasannin makarantu, mai nauyin kilo huɗu ko fiye, tafiyarsa a hankali ce kuma nauyinsa ya fi ƙarfin turjiya nesa, don haka hanyarsa ta yi kusa ƙwarai da zanen allo. Ƙwallon tebur kuwa, mai giram 2.7, iska ce ke mulkinta gaba ɗaya. Kafin ka amince da "a ɗauka babu iska", nauyin abin da gudunsa za ka fara dubawa.

Ba sai kun sami ƙwallon golf za ku ga aikin Magnus ba. Ku yagi takarda guda daga tsohon littafi, ku naɗe ta kamar bututu mai faɗi, ku liƙe bakin. Ku karkata benci ko allon katako a kan tebur, ku sake ta ta gangaro har ta faɗo daga bakinsa. Dutse ko batir zai faɗa gaba. Takardar kuwa, saboda juyin da ta ɗauko, za ta lanƙwaso baya ta nufi ƙarƙashin teburin. Ku rufe tagogi tukuna, kada wani ya ce iskar waje ce.

Ga kuma na ƙarshen mako. Mai tsaron gida ya buga ƙwallon ƙafa daga ƙasa da gudun mita 30 a daƙiƙa, a digiri 45. Ku nemo nisan da littafi zai ba ta a nan, da wanda zai ba ta a duniyar wata. Sannan ranar da Sokoto United ke wasa a gida, ko a filin unguwa ma, ku zauna daidai layin tsakiya ku ga inda bugun mai tsaron gida ke sauka a kashi na farko, da inda yake sauka bayan an juya raga.